Sauya Wa Jimla Hula Ba Ya Mai Da Ita Taka

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin ɗalibai masu rubutu da Ingilishi, ko a Yamai ko a Damagaram, Maraɗi da Tawa, musamman in lokacin memwar ya ƙarato. Ana cewa: in kana son sake faɗar maganar wani marubuci da bakinka, abin da ake kira parafaraz, to ka sauya mafarin jimla. In shi ya fara da aikau, kai ka fara da karɓau. In ya fara da dalili, kai ka fara da lokaci. Wai da haka jimla ta zama taka, ka tsira daga zargin satar rubutu. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi ƙarya haɗari.

Mu fara ba ta hakkinta. Ta fi tsohuwar dabarar nan ta buɗa ƙamus a musanya kalma da kalma. Ga jimlar da za mu yi aiki da ita: "The drought of 1984 forced many herders to sell their cattle at low prices." Wato farin 1984 ya tilasta wa makiyaya da yawa saida shanunsu da araha. Ɗalibin da ke tunani da Faransanci sai ya rubuta "The dryness of 1984 obliged numerous breeders", don a kansa "sécheresse" da "éleveurs" ke magana. Fari ya koma bushewa, makiyayi ya koma mai gonar kiwo. Wanga gyaran gangar Abzinawa ne. Mai sauya mafarin jimla aƙalla dole ya taɓa ginin jimlar, ya gane wa ya yi mi.

To amma dubi abin da ke fitowa: "Many herders were forced by the drought of 1984 to sell their cattle at low prices." Ƙirga kalmomin. Duk na mai littafi ne, biyu kaɗai anka ƙara. An juya riga ne, ciki ya koma waje. Wata malamar Amurka, Rebecca Moore Howard, ta raɗa wa irin wanga aiki suna "patchwriting" a farkon shekarun 1990, wato rubutun faci. A bayaninta, sauya tsarin nahawu yana cikin alamomin facin, tare da cire wasu kalmomi da musanya wasu. Ke nan abin da ake saida muna a matsayin magani, shi kansa yana cikin alamomin cutar. Ita malamar ta ɗauki faci a matsayin matakin da mai koyo ke bi kafin ya ƙware. Matsalarmu ita ce mun mai da mataki masauki.

Aibi na biyu ya fi zurfi. Shawarar ta ɗauka mafarin jimla ado ne, kamar hula, yau ka sa wannan gobe waccan. Hausarmu ma ta ƙaryata haka. Ka ce "Yara sun zo jiya", labari ne kake badawa. Ka ce "Jiya yara sunka zo", amsa ce ga mai tambayar yaushe, har "sun" ta koma "sunka", wasu su ce "suka". "Fari ne ya kashe shanu" da "Shanu ne fari ya kashe" gardama biyu ce daban. Ingilishi ma haka yake. Joseph Williams, a littafinsa kan salon rubutu da ya fito a 1981, ya nanata cewa jimla tana son farawa da abin da mai karatu ya riga ya sani, ta ƙare da sabon abu. In sakin layinka kan makiyaya yake, makiyaya za su shiga gaba. In kan fari yake, fari ne a gaba. Wanda ke sauya mafari don kawai ya bambanta da mai littafi, kowace jimlarsa gabanta daban take kallo, mai karatu ya rasa inda anka dosa.

Na uku, neman sabon mafari ƙarfi da yaji yana haifar da kurakuran da ba su cikin asali. Wani zai rubuta "Needing money for millet, the cattle were sold." A nahawun Ingilishi, aikin da ke gaban waƙafi na wanda ya biyo bayansa ne. Ashe shanu ne ke neman kuɗin hatsi! Wani kuma zai jera "Moreover", "However", "Therefore" a bakin kowace jimla. Alhali "therefore" alkawari ne cewa abin da ke tafe ya fito daga abin da ya wuce. In bai fito ba, ka ɗora wa marubuci hujjar da bai kawo ba. Ga kuma tarkon Faransanci: "Actually" ba ita ce "actuellement" ba, "Eventually" ba ita ce "éventuellement" ba, kuma Bature mai Ingilishi ba ya cewa "According to me". Garin juye-juye ƙananan kalmomi ma kan faɗi. "Many" ta ɓace, makiyaya da yawa su zama duka makiyaya. "May" ta ɓace, wataƙila ta zama tabbas. Mai littafi ya ce "suggests", kai ka ce "proves". Garin neman gira an rasa ido.

Na huɗu shi ne abin da shawarar ta yi shiru a kai. Ko ka sauya kowace kalma, tunanin na mai shi ne, dole ka ambaci sunansa da shekarar aikinsa, kamar yadda tsarin APA ya tanada. Manhajoji irin su Turnitin jerin kalmomi masu kama suke farauta. Kana iya zille musu da QuillBot ko da juyin hannu, amma ran sutanans mutane ne ke zaune gabanka. Malami guda ya ce rufe takarda, gaya muna abin da wanga marubuci ke nufi, nan za a ga kayan aro ba ya rufe katara. Ko an yi maka sassauci ka samu lisans ko mastar, gobe kai ne za ka tsaya gaban ɗaliban lise, ko ka rubuta rahoton da wani zai dogara da shi.

Mi ya kamata a yi? Mu da ke da harshe uku muna da makamin da ɗan Ingila ba shi da shi. Karanta sakin layi gaba ɗaya, ba jimla guda ba. Rufe littafin. Gaya wa abokin ɗakinka abin da ka gane, da Hausa, kamar kuna shan shayi a fada. In maganar ta maƙale, ba ka gane ba tukuna, koma ka karanta. In ta fito, rubuta ta da Ingilishi, sannan ka buɗe littafin ka gwada: shekara daidai? "many" tana nan? na ƙara abin da bai ce ba? Ta wagga hanya jimlarmu na iya zama: "When the rains failed in 1984, many herders had no choice but to accept poor prices for their animals." Mafarin ya sauya da kansa, ba tare da an farauce shi ba. "Herders" ta zauna daram, don ba a musanya kalmar da ba ta da madadi na gari.

Saboda haka, ƴan'uwa, sauya mafarin jimla aiki ne na ƙarshe, lokacin gyaran daftari, in ka ga jimla biyar a jere sun fara da "The author says". Ko a nan ma tambaya guda ke yanke hukunci: mi mai karatu ya riƙe daga jimlar da ta wuce? Da shi za ka fara ta gaba.