Ƙwayar Zarra da 'Yan'uwanta: Sharhi a Kan Wasu Kalmomin Kimiyyar Fiziks a Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban kimiyya na babbar sakandare suna karanta abubuwa uku masu alaƙa da juna a darasin Fiziks: ginin atom, ilimin nukiliya, da tushen aikin semikondakta. Da Ingilishi aka rubuta littattafan, da shi kuma ake jarrabawa. Amma a gari irin Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, Hausa ce harshen da malami kan koma gare shi idan bayani ya cije, ita ce kuma ɗalibai ke bita da ita a tsakaninsu. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wasu kalmomi da ake amfani da su, ko ake iya faɗawa cikinsu, wajen wannan bayani. Ma'aunin guda ɗaya ne: shin hoton da kalmar ke sa wa ɗalibi a zuci ya dace da abin da kimiyya ta tabbatar?

2.0 Waiwaye

Rubuta kimiyya da Hausa ba baƙon abu ba ne. Littafin Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam ya bi hanyar bayani da kwatance, wato a fara da abin da mai karatu ya sani kafin a kai shi ga wanda bai sani ba. Aikin da ya biyo baya ya fi karkata ga jera kalmomi, kamar Hausa Metalanguage wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, wanda ya shafi nazarin harshe da adabi. Wannan aiki ya yi amfani ƙwarai a fagensa. A fagen nukiliya kuwa, kafofin yaɗa labarai ne suka fi samar da kalmomin da jama'a suka sani, kuma bukatar mai fassara labarai daban take da ta malamin aji.

3.0 Ƙwayar Zarra

Kalmar "zarra" aro ce daga Larabci, inda take nufin abu mafi ƙanƙanta, kuma Hausawa sun daɗe da saninta ta hanyar karatun addini. Zaɓen ta a matsayin atom ya yi daidai, musamman da yake Larabcin zamani ma haka ya yi. Matsalar tana ga kalmar "ƙwaya" da aka liƙa mata. Dubi waɗannan misalai:

(1) ƙwayar gyaɗa
(2) ƙwayar ido
(3) ƙwayar cuta
(4) ƙwayar halitta
(5) ƙwayar zarra

A (1) da (2), ƙwaya na nufin abin da ke can ciki, wanda wani abu ya kewaye. A (3) da (4) tana nufin ɗan ƙaramin abu guda. An gina (5) a kan ma'ana ta biyu, alhali darasin yana bukatar ta farko. Dalili kuwa shi ne, tun 1897 da J. J. Thomson ya gano ilektaron aka san atom yana da sassa. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyinsa ya taru a wani ɗan ƙaramin wuri a tsakiya, sannan James Chadwick ya gano niyutaron a 1932. Sunan da Turawa suka ba wannan tsakiya daga Latin yake, ma'anarsa kuwa ƙwayar da ke cikin ɓawo. Ke nan "ƙwayar zarra" fassara ce daidai wa daida ta tsakiyar atom, amma an riga an kashe ta a kan atom ɗin gaba ɗaya. Malamin da ya zo kan tsakiyar sai ya rasa abin cewa, in ba "ƙwayar ƙwayar zarra" ba.

Tunda sauya ma'anar kalmar da ta riga ta bazu yana da wuya, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar "zarra" ita kaɗai ta tsaya wa atom a cikin aji, a kira tsakiyar "cibiyar zarra". Daga nan kwatance zai yi aikinsa. Faɗin zarra ya ninka na cibiyarta sau 10,000 ko fiye, don haka idan cibiyar ta kai ƙwayar gyaɗa, zarrar za ta kai filin ƙwallo, duk da cewa fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin yana cikin gyaɗar nan.

4.0 Nukiliya

Bahaushe ya fi jin "nukiliya" tare da "makami" ko "ƙare dangi". Saboda haka kalmar ta rabu da asalinta, wato abin da ya danganci cibiyar zarra, ta koma sunan bam. Wannan naƙasu ne, domin ilimin yana kusa da gida. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, kuma a 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike. Ya kamata malami ya riƙa haɗa kalmar da cibiyar zarra duk lokacin da ya ambace ta.

Fassarori biyu suna bukatar hattara a nan. Ta farko ita ce kiran abin da cibiya ke fitarwa "tururi". Tururi ana ganinsa, ana jin zafinsa, ana kuma rufe shi da murfi. Alfa da beta da gama kuwa ba a ganinsu, kuma ƙarfin ratsawarsu ya bambanta: takarda na tare alfa, fallen alminiyam na tare beta, gama kuwa sai dalma mai kauri ko kankare ke rage ta. Ta biyu ita ce "rabin rayuwa". Wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa ninki biyu na lokacin shi ne ƙarshen abin. Gaskiyar ita ce, ayodin-131 yana raguwa da rabi cikin kwana 8, bayan kwana 16 saura rubu'i, bayan kwana 24 saura ɗaya bisa takwas. "Lokacin raguwa da rabi" ya fi tsawo, amma ba ya jefa ɗalibi cikin kuskuren lissafi.

5.0 Semikondakta

A nan fassarar kalma da kalma za ta ba da "rabin mai ɗaukar lantarki", kamar dai abu ne da ya gaza zama tagulla. Darajar semikondakta kuwa tana ga cewa ana iya sarrafa yawan lantarkin da yake bari ya wuce, ta hanyar zafi ko haske ko ƙara masa wani sinadari. A kan wannan aka gina taransisto a 1947, shi ne kuma ke aiki a farantin sola da wayar hannu da ke kasuwar Azare. Aron kalmar tare da bayani ya fi fassarar da za ta ɓatar.

Sai dai Hausa tana da kalmomi biyu da suka fi na aro dacewa. Silikon, wanda ake samu daga sinadarin da ke cikin yashi, yana da ilektaron 4 a zagayensa na waje. Idan aka sa masa ɗan fosfaras mai 5, sai a sami rarar ilektaron. Idan boron ne mai 3, sai a sami giɓi. Bai dace a kira wannan ƙari "ƙazanta" ko "gurɓatawa" ba, tunda da gangan ake yin sa kuma bisa awo. "Sirki" ya fi kusa. Shi kuma giɓin, "gurbi" ya fi "rami", domin gurbi wuri ne da wani ya bari kuma wani ke iya mayewa. Idan ɗalibai suka yi layi, na gaba ya fita, kowa ya matsa gaba ɗaya bayan ɗaya, gurbin ne ke tafiya baya. Haka gurbi ke ɗaukar lantarki a cikin silikon.

6.0 Kammalawa

An ga cewa "zarra", "gurbi" da "sirki" suna taimakon fahimta, yayin da "ƙwayar zarra", "tururi" da "rabin rayuwa" ke iya dasa kuskure. Bambancin ya samo asali ne daga ko an dubi yadda abin yake aiki kafin a raɗa masa suna, ko kuwa kalmar Ingilishi kawai aka duba. Wannan aiki ne da masanin harshe ba zai iya shi kaɗai ba. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, inda ake horar da malaman Hausa da na kimiyya a harabar guda, wuri ne da ya dace a gwada irin waɗannan kalmomi a gaban ɗalibai kafin a shigar da su ƙamus.