Masu Feshin Kiliya na Apo

Duk wanda cunkoson hanyar Nyanya zuwa Mararaba ya taɓa riƙewa da yamma ya san irin motocin nan. Camry ce ko Corolla, inji lafiya lau, jiki babu inda ya lotse, amma rufin da bonet sun yi fari-fari, suna ɓarewa falle-falle. Mai ita zai ce maka fenti ne ya mutu. Sau da yawa launin yana nan daram. Abin da rana ta cinye shi ne shafin da ke samansa, wani ruwa garai marar launi da masu sana'ar ke kira kiliya. Kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ba, amma duk sheƙin mota daga gare shi yake, kuma shi ke tare wa launi zafin rana da ruwan sama da kashin tsuntsaye.

Fesa wannan shafi, a ganina, shi ne aikin da ya fi kowanne wuya a gyaran jikin mota, kuma shi ne wanda mai mota bai cika gani da idonsa ba, don sai an rufe ƙofa ake yinsa. Launin da ke ƙasa, wanda ake kira otobes, yana da haƙuri: nan da nan yake shan iska, in wani wuri bai ji ba sai a ƙara masa. Kiliya kuwa ba ta ɗaukar wargi. Dole ta sauka a jiƙe sosai har ƙananan ɗigon da bindigar feshi ta watsa su narke cikin juna su kwanta sumul. In ta gaza haka, fuskar ta fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemu. In ta ɗara haka da kaɗan, nauyinta ya rinjaye ta, ta tsiyayo a jikin ƙofa ta daskare a nan. Tsakanin gazawa da ɗarawa ɗan ƙanƙanen fili ne, kuma a cikinsa gwani yake yin duk aikinsa, daga rufi har bamba.

Abin bai daɗe haka a duniya ba. A farkon zamanin mota da buroshi ake shafa fenti, a jira makonni kafin ya bushe. Bindigar feshin kanta daga ɗakin likita ta fito: wani likita a birnin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaro, ɗansa Thomas kuma ya mayar da dabarar ta fesa fenti a 1907. Kamfanin DuPont ya kawo fenti mai saurin bushewa da ake kira Duco, wanda aka fara fesa wa motocin Oakland na 1924. Sinadarin da ke sa kiliyar yau ta yi tauri kuwa ya samo asali ne daga binciken Otto Bayer a Jamus a 1937. Raba fenti gida biyu, launi a ƙasa, kiliya a sama, sai a shekarun 1980 ya zama ruwan dare. Waɗanda suka riƙi motocin da, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a tsakiyar shekarun 1970, za su tuna cewa in an goge mota da ƙarfi launin kan biyo tsumma, saboda a galibinsu launi da sheƙi a shafi ɗaya suke. Motocin da ke shigowa ta Kwatano da Legas a yau kusan duk masu hawa biyu ne, don haka mai fentin da bai iya kiliya ba, ba shi da wurin zama a kasuwar Abuja.

A unguwar kanikawa ta Apo, inda Inyamurai masu sayar da kayan gyara da Yarabawa da Hausawa da sauran ƙabilu ke aiki kafaɗa da kafaɗa, mota takan bi ta hannu da yawa kafin ta iso ga mai feshi. Mai buga jiki ya miƙar da ƙarfe, a cike ramuka da fila, yara su yi ta gurza da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa firaima, a sake gurzawa, sannan launi ya hau. Kiliya ba ta rufa wa kowa asiri. Layin samfefa guda da ido bai gani ba a kan firaima, da zarar sheƙi ya hau sai ya fito ɓaro-ɓaro. Shi ya sa za ka ga maigida yana shafa tafin hannunsa a kan ƙofa tun kafin a fesa launi, fuskarsa na kallon wani wuri dabam, yana neman abin da yatsu ke ji ido bai kai gare shi ba. In ya ji tudu ko kwari, sai ya kira yaron da ya gurza: "Zo nan, sa hannunka. Ka ji?" Yaron ya ce, "Na ji, Oga." Ya koma da samfefa.

Sai haɗi. Kiliyar zamani gwangwani biyu ce: ita kanta, da hadina mai sa ta tauri. Yawanci kashi biyu na kiliya ake haɗawa da kashi ɗaya na hadina, wasu kuma huɗu da ɗaya, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta, sannan a ɗan tsinka da tina. Ana awo da kofi mai layuka, a tace ta mataci kafin a zuba a kofin bindiga. Daga lokacin da biyun suka haɗu aiki ya fara, domin ba bushewa take yi irin ta fentin bango ba. Sinadaran ne ke sarƙewa da juna har su zama fata guda mai ƙarfi, ko an fesa ko ba a fesa ba. Zafi yana hanzarta wannan. A watan Maris, lokacin da zafin Abuja kan haura digiri 35, haɗin da zai jira ka da sanyin safiya yana iya fara kauri a cikin kofi da tsakar rana. Don haka hadina da tina suke da iri-iri, mai sauri da matsakaici da mai jinkiri, kuma gwani yakan duba gari kafin ya zaɓa. Yaron da ya manta bai wanke bindiga ba bayan feshi, washegari zai tarar da ita a toshe, kuma ba zai sake mantawa ba.

Bindigar tana da bakin da bai wuce milimita 1.3 ko 1.4 ba, da maɓallai uku: na faɗin feshi, na yawan ruwa, na ƙarfin iska, wanda akan tsayar wajen bar 2 a ma'aunin iska. Masu hali suna riƙe da SATA ta Jamus ko Iwata ta Japan ko DeVilbiss, saura kuma suna aiki da 'yan China masu araha, kuma na ga aikin da ya fito daga irin waɗannan da ba za ka raina ba. Kafin ya kusanci mota, mai feshi yakan ɗana sau ɗaya a kan takardar da aka manna a bango, ya duba siffar da ta fito. Doguwa ce cikakkiya, ko ta tsuke a tsakiya, ko ta fi nauyi a gefe guda? Daga nan yake sanin ko bakin ya toshe ko iska ta yi yawa.

Yanzu ka tsaya a bakin ƙofa ka kalli yadda yake fesa ƙofar mota guda. Bindiga na nesa da ƙarfe da misalin santimita 15 zuwa 20, tana fuskantarsa kai tsaye, ba a karkace ba. Wuyan hannunsa a kafe yake. Ƙafafu da ƙugu ne ke tafiya, don in ya bar hannu ya yi lilo, tsakiyar ƙofa za ta sha da yawa, gefuna su tashi a bushe. Yana danna kunama tun kafin ya iso bakin ƙofar, ba ya saki sai ya wuce ɗaya bakin. Kowane layi yana rufe rabin wanda ya gabace shi ko fiye. Inda jikin motar ya lanƙwasa, bindigar ma ta lanƙwasa tare da shi, tazarar ba ta sauya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne idonsa: ba bindigar yake kallo ba, bayanta yake kallo, inda hasken ƙwan fitila ke faɗawa a kan danshin da ya bari. In hoton fitilar ya fito a tsaye, gefensa tsaf, ruwan ya isa. In yana rawa, a dagule, sai ya rage sauri. In ya ga danshin ya fara nauyi a ƙasan mariƙin ƙofa ko a bakin wani layi, wuraren da tsiyaya ta fi son farawa, sai ya ƙara sauri ya ɗan ja da baya. Duk wannan hukunci cikin daƙiƙoƙi yake yanke shi, yana tafe, a tsakiyar hazo, yaro na biye da shi yana ɗage tiyo kada ta taɓa jikin motar.

Bayan hawa na farko sai a dakata minti biyar zuwa goma, tina ta fice. Ba ya taɓa motar don ya gwada. Tef ɗin da aka rufe gilashi da shi yake dangwala da ɗan yatsa. In yana danƙo amma bai biyo yatsa da zare ba, lokaci ya yi. Wanda ya yi gaggawa ya rufe tina a ƙarƙashin hawa na biyu, za ta nemi hanyar fita ta bar ƙananan huji a fuskar. Hawa na biyu shi ne mai cika, shi ke kawo zurfin nan da ke sa baƙar mota ta zama madubi. In mota ce gaba ɗaya, daga rufi ake farawa a zagayo, kuma dole inda aka tsaya ya kasance da danshi lokacin da aka dawo gare shi, in ba haka ba mahaɗar za ta nuna.

Takardar da ke jikin gwangwani an rubuta ta ne don ɗaki mai tsabta mai digiri 20. Mai fentin Apo kuwa da garin Abuja yake kokawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, wadda kan ɓoye Dutsen Zuma kansa, balle ta rasa hanyar shiga rumfar kwano. Sai a yayyafa wa ƙasa ruwa, a toshe kafofi da leda, a yi feshi da sassafe kafin motoci su tayar da ƙura. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma laima ce: ruwa na taruwa a tukunyar kwamfiresa, in ba a tsiyaye shi ba ya biyo tiyo ya ɓata aiki, ko sheƙin ya tashi da dishi-dishi. Da ruwan farko ga shinge da sauran ƙwari masu bin fitila, ɗaya ya faɗa kan bonet ya isa. Ko man goge taya da wani ya fesa a rumfar maƙwabta yana iya sa kiliya ta dare, ta bar ƙananan ramuka. Ga wuta da ke iya ɗaukewa ana tsakiyar rufi, shi ya sa mai hankali yake tayar da janareta tun kafin ya haɗa ruwa.

Manyan wurare suna da ɗakin gashi, wanda ake ce wa obin: iska tatacciya na sauka daga sama tana fita ta ƙasa, bayan feshi a ɗaga zafi zuwa wajen digiri 60 na kimanin rabin awa. Alheri ne babba, yana kawar da ƙura, yana rage kwanakin jira. Amma masu mota sun ɗauki kalmar obin tamkar ita ce shaidar inganci, alhali ɗakin ba ya riƙe bindiga. Abin da hannu ya ɓata, gashi sai dai ya ƙara kafe shi. Ɗan abin da ya saura na ƙura ana cire shi bayan ta yi tauri, da samfefa mai lamba 1500 da 2000 da ruwa, a bi da injin gogewa, a kula da gefuna inda shafin ya fi siranta.

A wajen ciniki ne ake cutar wannan sana'a. Alhaji ya zo yana son mota ta fito kamar sabuwa, amma ya raba kuɗin gida biyu. Mai gaskiya zai ce masa, "Ranka ya daɗe, kiliya iri-iri ce. A wannan kuɗin akwai wadda zan sa maka, ranar da za ka ɗauka ba za ka bambance ba, amma ba za ta jure ranar garin nan ba." Gaskiya ya faɗa, domin bambancin mai tsada da mai araha yana cikin yawan abin da ke saura a jikin mota bayan tina ta fice, da kuma sinadaran da ke tare hasken rana, kuma duka biyun ba a ganinsu a ranar farko. Wanda ba ya son ya rasa ciniki sai ya yi shiru ya ƙara tina.

Akwai kuma abin da ke damuna fiye da wannan. Hadinar nan tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda likitocin ma'aikata suka daɗe da sanin yana cikin manyan masu jawo asma ga masu feshin mota. Ba a jin warinsa, kuma in ƙirji ya riga ya kamu, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, takunkumin takarda ma haka, madarar da wasu ke sha bayan aiki kuwa ciki take zuwa, ba huhu ba. Abin da ya dace shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, in bai samu ba aƙalla mai matatar gawayi da ake sauyawa a kan kari, da safar hannu, da fanka mai fitar da hazo waje. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin rumfuna suna da bakin da za su mayar da wannan doka a tsakaninsu, kuma a sa yaron da ke riƙe tiyo a cikin lissafi, don hazon da maigidansa ke shaƙa shi ma shi yake shaƙa, kuma yawanci shi ne ba a saya wa komai ba.