Kalmar "ƙa'ida" da nauyin da ake ɗora mata

A cikin littattafan yaƙi da jahilci da takardun ƙungiyoyin manoma da ake fassarawa daga Faransanci, kalmar "ƙa'ida" ta zama abin da mai fassara ke rarumowa duk sa'ad da ya ci karo da "règle", ko "règlement", ko "procédure", ko "protocole". Wannan al'ada tana bukatar gyara, kuma asalin kalmar ya isa ya nuna dalili.

"Ƙa'ida" ararriya ce daga Larabci, "ƙa'ida", jam'inta "ƙawa'id". Saiwarta ita ce ta "ƙa'ada", wato ya zauna, kuma daga nan sunan watan Zulƙida ya fito, watan da Larabawa ke zaunawa su bar yaƙi. Ma'anarta ta farko harsashi ce, abin da gini ke zaune a kansa. Da wannan ma'ana jam'in ya zo a aya ta 127 ta Suratul Baƙara, inda aka ambaci harsashin Ɗakin Ka'aba da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il suka ɗaukaka. Daga baya malaman nahawu da na fiƙihu suka ɗauke ta don tushen da mas'aloli ke komawa gare shi. Hausa ta karɓe ta ta hannun malamai: littafin Ƙawa'idi shi ne almajiri ke fara ɗauka kafin Ahalari da Ishmawi.

Saboda haka Bahaushe yana bambanta ƙa'ida da doka. Doka tana da mai ita, kuma wanda ya karya ta yana fuskantar tara ko ɗauri. Wanda ya saɓa ƙa'ida kuwa, aikinsa ne ke ɓaci. Mai rubutun da ya bar lanƙwasar "ƙ" ba a kai shi gaban alƙali, amma "ƙafa" ta koma masa "kafa". Taron Bamako na 1966 ƙa'idojin rubutu ya tsara; ƙudurin da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar a 1999 shi ya ba su ƙarfin hukuma.

Matsalar ta fi bayyana a kan "protocole". Asalinta Girkanci ne, daga "protos", na farko, da "kolla", abin liƙi: takardar farko da ake liƙawa a goshin naɗin rubutu don shaidar ingancinsa. A shekarar 537 sarkin Rum Justiniyan ya wajabta wa marubutan shari'a na Kustantiniya su bar ta a jikin takardunsu. A Faransanci kalmar ta rabu gida uku aƙalla. Takardar da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar a 1979 kan zirga-zirgar jama'a yarjejeniya ce. Shirin wanda zai zauna gaba da wanda zai fara magana a wurin biki tsarin girmamawa ne, abin da fadar Damagaram da ta Maraɗi suka daɗe da sani. Jerin abin da likita zai bi wajen maganin zazzaɓin cizon sauro matakan aiki ne. Na ukun kaɗai ke kusa da "ƙa'ida".

Illar haɗa su ba ta tsaya kan takarda ba. Manomin da ya karanta "ƙa'idojin ƙungiya" ba zai gane cewa jinkirin biyan bashin taki na iya jawo masa tara ko kora ba, domin kalmar ba ta tanadar masa hukunci ba. Da an rubuta "dokokin ƙungiya", da ya yi hattara tun farko.

Abin da ya kamata masu tsara ƙamus ɗin kalmomin aiki su yi shi ne su tambayi kowace kalmar Faransanci abin da ke biyo bayan saɓa mata. In hukunci ne, "doka". In ɓacin aiki ne, "ƙa'ida". In warware alkawari ne tsakanin ɓangarori, "yarjejeniya" ko "sharaɗi". In jerin abin yi ne ɗaya bayan ɗaya, "tsari" ko "matakai".