Harshen Bariki a Cikin Littafin Burma Boy

A shekarar 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya wallafa Burma Boy, labarin ƙananan sojojin Nijeriya da aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinsa ya halarci wannan yaƙi. Tauraron labarin shi ne Ali Banana, yaron maƙera wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, har ya tarar da kansa a sansanin White City, inda bataliyoyin Nijeriya na rundunar Janar Wingate suka sha wutar Japanawa a 1944.

Abin da muke so mu jawo hankalin malamai a kai shi ne harshe. Da Turanci aka rubuta littafin, amma da Hausa mutanen cikinsa suka yi yaƙi, gama ita ce harshen bariki a wancan zamani, har hafsoshin Turawa ma sai da suka koye ta. Mawallafin bai mayar da muƙamai Turanci ba, ya bar su yadda bakin soja ya sarrafa su: farabiti, samanja, kyaftin. Mai nazari zai lura cewa a farabiti p ta koma f, v ta koma b, kuma an sa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu. Watau soja ya karɓi kayan Sarkin Ingila, amma ya yanka su daidai jikinsa. A cikin hirarsu ta rami, da barkwanci da gardama, nan ne tsoro da kewar gida suke bayyana, kuma nan ne littafin ya fi ƙarfi.

Sai dai akwai aibi biyu. Na farko, an buɗe labarin da Wingate a Alƙahira, har mai karatu ya daɗe bai ji muryar farabiti ba. Na biyu ya fi nauyi. Banana da ƙafarsa ya kai kansa, alhali kuwa da yawa daga waɗanda aka rubuta 'yan sa-kai ne, hakimai da dagatai ne suka miƙa su don cika adadin da Gwamnati ta nema. Wannan ɓangare bai sami haƙƙinsa ba.

Duk da haka littafin ya cancanci a karanta shi a kwalejojin horon malamai. Amma tilas a gama shi da abin da iyalan tsofaffin soja suka riƙe da ka, a rubuta shi da Hausa tun bai salwanta ba.