Imanin Manomi da Hujjar Malami

A zaurukan karatu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗalibin da ya shiga ilimin tauhidi yakan ci karo da Ummul Barahin, ɗan ƙaramin littafin Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Abin lura shi ne, littafin ya buɗe ne da hukuncin hankali guda uku, wato wajibi da mustahili da ja'izi, kafin ya kai ga siffofin Allah ashirin. Ke nan almajirin da bai taɓa jin sunan Arisɗo ba yana aiki da ma'aunin manɗiƙi tun ranar farko. Saboda haka nake ganin tambayar da aka saba yi, ko falsafa da addini suna jituwa, ta zo mana a makare. Tambayar da ta fi damun magabatanmu ita ce: wa aka wajabta wa kafa hujja, kuma mene ne matsayin wanda bai iya ba?

Birnin Ƙurɗuba na Andalus ya haifi mutum biyu da suka yi fama da wannan tambaya. Ibn Rushd, wanda aka haifa a 1126, ya bayyana a Faslul Maƙal cewa gaskiyar da hankali ya tabbatar ba za ta yi karo da wahayi ba, amma ya kasa mutane gida uku: masu gamsuwa da wa'azi, da masu jayayya, da masu hujja yankakkiya. Tawili na kashi na uku ne kaɗai, kuma a ganinsa laifi ne a baza shi ga jama'a. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci cikin haruffan Ibrananci, domin ɗalibin da ya riƙe Attaura, ya kuma karanta falsafa, har ya ruɗe tsakaninsu. Ya soki malaman kalam da cewa suna tanƙwara halitta ta dace da aƙidarsu. Sai dai ya dage a koya wa kowa, har yara, cewa Allah ba jiki ba ne, ko da ba su gane dalilin ba.

Ina girmama zurfin waɗannan littattafai, amma akwai abin da ba ya kwanta mini a cikinsu. Dukkansu sun kare falsafa ne ta hanyar yi mata katanga. Bin Maimun ma ya faɗa a gabatarwarsa cewa da gangan ya warwatsa wasu maganganu domin su ɓuya ga wanda bai isa ba. A wannan tsari talaka abin lallaɓawa ne, wanda ake ɓoye wa abin da zai fi ƙarfinsa.

A nan ne ƙasarmu take da nata jawabin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara daga wajen 1786, kuma daga wannan yanki ne Alibawa irin su Namoda suka mara masa baya. A zamaninsa akwai ɗalibai da suka ɗauki darasin Sanusi suka mayar da shi bulala: duk wanda bai iya jero siffofi da hujjojinsu irin na malaman kalam ba, sai su kafirta shi. Shehu ya yi musu raddi, musamman a Hisnul Afham, kuma Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisur cewa rubuce-rubucensa a kan wannan fitina sun haura hamsin. Matsayarsa ita ce imanin manomi da makiyayi ingantacce ne, ko da harshensu bai san istilahin malamai ba. Ya bi sahun Imam Gazali, wanda ya yi raddi ga masana falsafa, ya kuma hana a jefa gama-garin mutane cikin kalam.

Bambancin da nake gani shi ne, Ibn Rushd ya tsare hujja daga jama'a, Shehu kuwa ya tsare jama'a daga masu hujja. Kuma bai rufe ƙofar nazari ba. Jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 ya kuma koyar a Salame, ya yi rubutu kan falsafa da asalin halitta, alhali ya taso ne a hannun malaman gidan Shehun.

Wani zai ce wannan sassauci yana iya zama mafakar malalaci, wanda zai fake da cewa imaninsa ya isa, ya daina tambaya. Haɗarin gaskiya ne, shi ya sa ba na goyon bayan masu son a jingine Ummul Barahin. Amma haɗarin ɗaya ɓangaren ya fi muni, domin kafirta Musulmi yana kai wa ga raba aure da ƙin sallatar gawa da halatta jini. Yau da wa'azi yake yawo a wayoyin hannu, kuma ɗalibin shekara biyu yake yanke hukunci kan aƙidar kakansa, ya kamata malaman Zurmi da Shinkafi da Ƙaura su riƙa karantar da Sanusi tare da raddin da Shehu ya yi wa waɗanda suka wuce gona da iri da shi.