Injin da ke rubuta wa inji, da wanda na yarda da shi

Yaran da ke cika rumfar mai cajin waya a Ƙanƙara suna buga ƙwallo a PPSSPP, da manhajar kwaikwayo suke aiki ko ba su sani ba: wayar ake sa ta yi kamar ita ce PSP ɗin Sony. Haka ɗan Faskari mai koyon haɗa manhajar Android a tsohuwar laftof. Wayar bogin da ke fitowa a allonsa a kan QEMU aka gina ta, manhajar da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003.

Ranar da irin wannan inji na cikin inji ya tsaya cak, babu murfin da za ka buɗe, babu inda za ka sa sukundireba. Sai bin sawu, kamar yadda ake bin sawun saniyar da ta ɓace: nan ta taka, nan ta juya, daga nan kuma babu.

Yadda mutanen QEMU suka tsara bin sawunsu ya daɗe yana burge ni. Tun 2010 suka shigo da tsarin, Stefan Hajnoczi na cikin waɗanda suka aza tubalinsa. Mai rubuta manhaja zai buɗe fayil mai suna trace-events ya rubuta layi ɗaya tak: sunan abin da yake son a riƙa lura da shi, bayanan da za a ɗauka, da yadda za a jera su. Sai ya kira wannan sunan a inda yake so cikin manhajar, shi ke nan aikinsa. Lokacin harhaɗa manhajar, wani ƙaramin shiri da ake kira tracetool, wanda aka sake rubutawa da Python a 2012, shi zai karanta layin ya fitar da dogon rubutun C ɗin da ake buƙata. In ka ce sawun ya fito a allo, zai rubuta na allo. In ka ce ya shiga fayil, ko ya bi ta ftrace na Linux ko DTrace, zai rubuta nasu. In ka ce ba ka so sam, ya bar wurin fayau, injin bai ƙara nauyi ba. Dubban layuka irin wannan ne a cikin QEMU, kuma da a ce da hannu za a rubuta kowanne sau biyar ko shida, da kuskure ya yi katutu.

To ga yayin da ake ciki yanzu. Matasanmu sun gano ƙirƙirarriyar basira, kowa sai ya ce "bari in tambayi AI". Wani ma ya ce mini ai duk ɗaya ne, nan inji ya rubuta, can inji ya rubuta. Ni ban yarda ba. Shi tracetool in ka ba shi layi ɗaya sau ɗari, amsa ɗaya zai ba ka sau ɗari, kuma kana iya buɗe shi ka ga dalili. Mutum ne ya zaɓi abin da ya cancanci a lura da shi, wanda nan ne hankalin aikin yake, inji ya ɗauki wahalar kwafi. A sabon yayin an juya rabon: inji ke zaɓa, mutum ke kwafi. Su kansu mutanen QEMU, da manhajarsu ke cike da rubutun da inji ya fitar, a 2025 sun kafa ƙa'idar ƙin karɓar gudummawar da AI ya rubuta, saboda mai kawo ta ba zai iya tabbatar da asalinta da haƙƙin mallakarta ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya aika saƙo. Ko yau, data ba arha ba ce, sabis kuma yana zuwa yana tafiya. Mai jiran AI ya faɗa masa abin da ya lalace, ranar da babu sabis ya tashi aiki. Fayil ɗin sawu kuwa yana cikin laftof ɗinsa.

Ba na hana kowa tambayar AI, ni ma ina yi. Amma da ni ke koyarwa a cibiyar kwamfuta a Sabuwa, kafin ɗalibi ya rubuta komai zan sa ya kunna QEMU da umarnin -trace, ya zaɓi abin da ya shafi diski kawai, ya zauna da layukan da ke zubowa har ya iya nuna mini da yatsa inda injin ya nemi karatu bai samu amsa ba.