Hannun Magini a Kan Ɗanyen Yaɓe

Matafiyin da ya yada zango a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babban titin Ƙonni zuwa Maraɗi, idonsa kan tsaya ga buhunan albasa da manyan motoci. Da zai kutsa lungunan garuruwan ƙasar Hausa, da ya sha kallon da ba a biyan ko dala: fuskar zauren da magini ya yi wa ado.

Tun daga kwaɓi ake gane gwani. A jiƙa ƙasa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu har ta yi danƙo. Da an yaɓe bango, magini ya shiga tsere da rana, domin yaɓen da ya bushe ba ya karɓar zane. Babu takarda, babu magogi. Da ɗan yatsa yake shata layi, ya ɗora curin laka a kai, ya murza da tafin hannu har zanen ya taso, sannan ya gyara gefe da wuƙa. Dagi ne zakaran gwajin dafi: layi ɗaya ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa, ya koma inda ya faro. Hannu ya kuskure sau ɗaya, duk mai wucewa zai gani. Magina a Zariya da Kano har keke da agogo suka riƙa sawa kusa da takobi. Daga ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don bango ya jure ruwan sama.

Mai son ganin iyakar wannan hannu ya nufi Yama, a yankin Illela. Can Falke Barmu, manomi kuma magini, ya gina masallacin Juma'a da laka a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiya huɗu, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan.

Sai dai damina ba ta san gwani ba. Tana lasar ado sannu a hankali, dole bayan kaka a sake hawa tsani. Yaron da ke ƙasa yana cilla wa maigidansa curin laka, idonsa na kan yatsun, nan yake ɗaukar darasinsa.